Lambobin Gefen Hagu

Wata uku cur muka yi muna rigima a kan lambobi. Ƙananan lambobin nan nake nufi, waɗanda ke jere a gefen hagu na manhajar da muke rubutu a ciki, masu nuna maka layi na nawa kake. Mu huɗu ne a ofishin, muna rubuta wa makarantu manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, a ɗaki mai taga ɗaya da fankar da ta fi iya ƙara a kan ba da iska. Dokar Manaja ce kowa ya yi aiki da saiti ɗaya, wai don kowa ya iya zama a kujerar kowa. To, in mutum ɗaya ya taɓa saitin, mu duka ya taɓa.

Dogo, mai tebur a bakin taga, yana son lambobin yadda aka koya masa a aji ɗaya: ɗaya, biyu, uku, har dubu da ɗoriya. Kawu kuwa, wanda ya girme mu duka, ya kafe a kan ɗaya tsarin, inda layin da kake kai shi ne sifili, na sama da na ƙasa su ƙirgu daga nan. Da safe Dogo ya mayar da nasa, kafin tsakar rana Kawu ya juya. Ni ina tsakaninsu, kaina na sarawa.

Kawu ba kawuna ba ne na jini. Shi ya koya mini aikin nan tun ban san inda ake kunna kwamfuta ba, kuma ni kaɗai na san abin da ya sa ya kafe. Idonsa ne ke tafiya. Ya ƙara girman rubutun allon kwamfutarsa har layi bakwai kawai ke shiga, ya karkatar da allon wajen bango, wai hasken taga ke damunsa. Doguwar lamba cakuɗe masa take, uku ta koma takwas, shida ta koma sifili. Lamba guda ɗaya kuwa yana iya cafke ta. Ranar da na gano, ya roƙe ni in rufa masa asiri. Ya ce Manaja ba mugu ba ne, amma ba mai riƙe makaho a aikin ido, shi kuma bai san wata sana'ar ba.

A gaban mutane kuwa sai ka rantse gadara ce. Ya ce haka ƙwararru ke aiki, wai mai ƙirgawa daga ɗaya ɗan koyo ne. Dogo ya ce shi bai taɓa ganin gidan da lambarsa ke canjawa duk sanda mai gidan ya gyara zama ba. Kawu ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsani ba zai gani ba. Na ji maganar nan har cikin haƙorina, don na san ko fuskar Dogo ba ya gani sosai daga kujerarsa.

Ni ce idon nasa. In aka ambaci layi, sai in maimaita lambar da ƙarfi kamar mai magana da kanta, har Dogo ya sa mini suna Rediyo. In an fita cin abinci, in zauna in bi aikin Kawu layi-layi ina tsince kurakurai. Nawa aikin ya taru. Manaja ya kira ni sau biyu ya ce ba haka ya san ni ba, na ce masa ciwon kai ne. Ban yi ƙarya ba, rabin gaskiya na faɗa. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta, na kuma fara jin haushin mutumin da nake ganin girmansa fiye da kowa a ginin.

Ranar da abin ya fashe, na je wanke hannu. Dogo ya ɗaga murya ya ce a goge layi na tara, yana nufin na tara daga sama. Kawu ya goge na tara daga inda yake. Wata makaranta ta wuni ba sakamako, iyaye cike da farfajiya, wayar Manaja kamar za ta kama da wuta. Washegari Manaja ya tara mu, ya ce yau za a kashe maganar nan a binne ta. Ya haska aikin a bango da majigi, da lambobi irin na Dogo, ya ce kowa ya nuna inda tsarin yake taimako da inda yake cuta.

"Kawu, kai ne babba, fara," in ji shi. "Wannan jar alamar a layi na nawa take?"

Kawu ya gyara tabarau. Ya miƙe, ya matsa kusa da bangon kamar mai nazari, ya yi gyaran murya. Na san abin da yake jira: muryar Rediyo. Lambar tana gabana ɓaro-ɓaro, dubu ɗaya da ɗari uku da tamanin da shida, har ta hau kan harshena. Ban san ya aka yi ba. A'a, na sani. Na haɗiye ta, na sunkuyar da kai ina kallon yatsuna.

Dogo ya fara murmushi, sai kuma murmushin ya tsaya masa a rabi.

"Ba na gani," in ji Kawu, a hankali. "Jan nake gani, lambar ba na gani. An kusa shekara."

Can Dogo ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, ai aikin minti biyu ne a ware masa saitinsa shi kaɗai, me ya sa bai faɗa ba tuntuni.

"Da na faɗa, da ka tambaye ni dalili."

Manaja ya kashe majigin. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ce in an tashi Kawu ya same shi su ɗan tattauna. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san ma'anar wannan 'yar tattaunawar.

Muka koma kujerunmu. Kawu ya lalubo allonsa ya juyo da shi daga bango, manyan haruffan suka fuskanci ɗakin, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Na so ya zage ni, ko ya ce na ci amana, in samu abin da zan kare kaina da shi. Sai ya karkato wajena, ya yi ƙasa da murya.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata. Je ki ci abinci yau."

Na tashi na fita. A matakala na tsaya na jingina da bango, ina jiran kuka ya zo. Bai zo ba. Abin da na ji sauƙi ne, har cikin kafaɗuna, kuma shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.