Tarin da Ke Cikin Faifai

Herr Kajetan Pospischil a gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya. Bai taɓa riƙe goge ba, ko a coci ba ya buɗe baki a yi waƙa da shi, amma duk unguwar Josefstadt an san yana cikin wani faifai da kowane gida a Vienna ke alfahari da shi. Faifan na wani babban taron kiɗa ne da aka naɗa a gaban jama'a bayan yaƙin duniya na biyu da 'yan shekaru. Can wajen tsakiya akwai inda makaɗa da mawaƙa ke yin tsit, a bar sarewa ita kaɗai tana kuka a hankali kamar za ta shiɗe. To daidai nan wani ya yi tari, mai kauri, hawa biyu, da ɗan gyaran murya a ƙarshe. Pospischil ya ce shi ne.

Duk baƙon da ya shiga gidansa sai ya sha tarin nan kafin a ba shi gahawa. Yakan ɗora allura a kan faifan, ya ɗaga yatsa, ya lumshe ido. Da tarin ya wuce sai ya ɗage allurar, sauran kiɗan bai dame shi ba.

Wata rana a shagon gahawar da yake zama, yana cikin ba wani labarin, sai wata mata a teburin kusa ta ninke jaridarta. Frau Ottilie Brandl ce, mai ɗinkin huluna, wadda mijinta Ferdinand ya daɗe da rasuwa.

Ta ce, "Herr Pospischil, ka ji tsoron Allah. Rabin rayuwata da tarin nan na kwana na tashi. Ko a tsakiyar kasuwa aka yi shi zan gane na Ferdinand ne."

Pospischil ya miƙe ya ɗan rusuna, ya ce ranta ya daɗe, yana girmama mamaci, amma ai shi ma ya san tarin kansa. Kafin mako ya zagayo shagon ya rabu biyu, har masu wasan kati sun daina zama teburi ɗaya. Da abin ya ishi mai shagon sai ya sa aka kawo na'urar faifai, aka naɗa Dokta Nemetz alƙali, tsohon likitan maƙogwaro da ke zuwa cin waina mai tuffa kullum da rana.

Aka sa faifan, kowa ya ji. Sannan aka ce Pospischil ya yi nasa a gwada. Matsalar ita ce ya bar taba tuntuni, ƙirjinsa ya washe tas. Ya cika huhu, ya riƙe teburi, abin da ya fito kamar ɗan kyanwa ya shaƙi ƙura. Ya ce ai tari ma yana tsufa kamar mai shi. Dokta Nemetz ya miƙe ya nufi na'urar. Ya ciro abin awon ƙirjinsa ya manna a jikin lasifika, ya sa aka maimaita wurin, ya daɗe yana gyaɗa kai. Hukuncinsa shi ne, ko ma wane ne mai tarin nan, huhunsa na hagu ya cika da ruwa, kuma bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba.

Hukuncin bai yi wa kowa daɗi ba, don ga Pospischil zaune da ransa, Ferdinand kuwa ya ƙara shekaru masu yawa bayan taron. Frau Brandl ta ce wannan ba hujja ba ce, mijinta dama bai taɓa bin maganar likita ba.

Pospischil ya koma gida ransa a ɓace, ya yanke shawarar yin sabon tari wanda ba mai ja da shi. Ya ji za a naɗi wani taron ranar Lahadi da hantsi, ya sayi kujera a gaba-gaba. Ya riƙa tsayawa a taga babu mayafin wuya, yana kwankwaɗar ruwan sanyi, amma mura ta ƙi shi ƙememe. Sai ma cin abincinsa da ya ƙaru.

Ranar Lahadi yana zama ya ga Frau Brandl a kujerar damansa, da sabuwar hula da jaka a cinya. Mai shagon ne ya tsegunta mata. Ta gaishe shi da fara'a kamar ba komai.

Aka fara kiɗa. Duk sanda Pospischil ya ja numfashi zai gwada, sai ta ɓare alawar tari ta tura masa a baki. Mutumin kirki ba ya tofar da kyautar mace a bainar jama'a, don haka ya riƙa tara su a kumatu. Da aka zo wurin da goge ke tafiya a hankali, zauren ya yi shiru, ya ce yanzu ko ba yanzu ba. Ya haɗiye alawar gaba ɗaya, ya buɗe baki. Sai shaƙuwa ta fito.

Ta sake fitowa. Ta uku ta faɗo daidai kan bugun kiɗan, har wani mai babban goge ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Jagoran makaɗa ya sauke sandarsa, ya juyo a hankali yana duban layinsu. Frau Brandl ta toshe baki da safar hannu, amma dariyar ta ɓulle ta hanci. Masu tsaron ƙofa biyu suka zo cikin ladabi suka raka su waje, suna jin an koma an ɗauko kiɗan daga farko.

A bakin titi suka tsaya wurin mai gasa dankali. Pospischil ya riƙe numfashi, ya sha ruwa a sunkuye, shaƙuwa ta ce ba inda za ta. Frau Brandl ta gyara hularta ta dube shi.

"Herr Pospischil, na yanke shawara. Kai zan aura."

Ya daskare da dankali a hannu. Suka jira, shiru, shaƙuwa ta tafi. Ta ce haka ake maganinta, da tsoro, kakarta ce ta koya mata.

Ya ci rabin dankalinsa. Can ya tambaye ta, ranta ya daɗe, shin maganar magani ce kawai, ko da saura?

"Miƙo mini gishirin," in ji ta, "kuma ka ɗaura mayafin wuyanka kafin ka ɗauko mana mura."