Babban Yatsan Kawu

Shekara ashirin da uku Kawu ya yi yana fitowa a talabijin, amma babu wanda ya san sunansa. A titi Masinja ake ce masa, don shi ne masinjan ofis a wani wasan barkwanci na yammacin Asabar. Bangon ofishin na kwali ne, in an buga ƙofa sai ginin duka ya yi rawa. Manaja na sanye da gashin kanti a karkace, akawu na suma sau biyu a kowane shiri. Kawu kuwa zai shigo da takarda ɗaya, ya miƙa wa wanda ba shi aka aiko wa ba, ya koma gefe yana kallon rigimar da ya haɗa. Mahaifiyata, wadda yayarsa ce, takan ce wasan shirme ne, amma ban taɓa ganin ta tashi daga gabansa ba.

Wata rana aka kira shi babban fim, na wasu 'yan sanda biyu abokan aiki, ɗaya mai bin doka, ɗaya mai taka ta. Manyan jarumai aka ɗauko. Da ya zo da labarin, Mama ta tambaye shi a me zai fito.

"Gawa," in ji shi.

"Haba Auta. Da furfurarka za ka je ka mutu a gaban jama'a?"

"Ai da ranki za ki kalla, Yaya, ni ma da raina."

Ni na kai shi wurin ɗaukar fim ɗin a motata. An gyara wani ɗaki kamar na ajiye gawa a asibiti. Darakta ya ce ya kwanta a rufe shi da farin ƙyalle, ƙafafunsa kawai za a gani. Kawu ya tambaya mamacin wane ne, me yake yi kafin ya mutu, yana da iyali?

"Baba, gawa ce," in ji darakta. "Ka kwanta kawai."

Ya kwanta. Sau goma sha huɗu aka maimaita wurin, saboda jarumin mai bin doka ya kasa riƙe jawabinsa. A hanyar gida Kawu sai fito yake yi, abin da ya sa na ɗan tsargu.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin muka tafi silima da rana, mu uku. Awa guda 'yan sandan nan suna gardama a mota. Mai taka doka ya saki abin dariya, ya dakata don a yi dariyar, ba a yi ba. Da suka bi ɓarawo a guje, sai ga wani mai keke a bayansu ya zo ya wuce su. Mutumin da ke gefena ya yi barci da gugguru a hannu.

Sai aka zo ɗakin gawa. Mai bin doka ya zare tabarau ya fara jawabi a kan adalci. A can ƙasan allon, babban yatsan mamacin ya ɗan rusuna. Ya sake cewa adalci, yatsan ya sake rusunawa, cikin ladabi. Da abokinsa ya rantse zai kama mai kisan kafin gobe, yatsan ya kaɗa hagu da dama, a hankali, alamar bai yarda ba.

Wata mata a baya ce ta fara ƙyalƙyalewa, daga nan zauren ya ɗauka. Mai barci ya farka yana tambayar wa aka kama. Mama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Kawu dai yana zaune yana tauna gugguru kamar an kawo shi kallon fim ɗin wasu.

A bakin ƙofa darakta ya tare mu, gumi na zubo masa. Kawu ya ce sanyin ɗakin ne ya kama masa jijiya. Darakta ya juya kan matar da ta tace hotunan, wata mai shiru-shiru, ya ce ya aka yi ba ta gani ba.

"Na gani, yallaɓai," ta ce. "Duk sha huɗun ya yi. Wanda ya fi kyau na zaɓa."

Sati uku fim ɗin ya yi ana nunawa. Mutane suka riƙa zuwa a makare, suna tambayar mai sayar da tikiti ko an kai wurin gawa. Da ta gaji da amsawa sai ta rubuta lokacin a takarda ta manna a tagarta.

Daraktan bai ƙara kiran Kawu ba. Bara kashi na biyu ya fito, muka je don gulma. Mutum shida aka kashe a ciki, kuma kowanne an lulluɓe shi har tafin ƙafa.