Wanda Ya Ci Arba'in Cif

Ranar da Malama Hannatu ta fara zuwa ajin koyon rubuta manhajar kwamfuta a unguwar Trikania, mai gadi ya ɗauka jikanta ta zo nema. Ta wuce shi da jaka a kafaɗa, ta zaɓi kujerar gaba ta zauna. Ta daɗe tana koyarwa a firamare har ta yi ritaya tana shugabar makaranta, kuma zaman gida a Narayi ya ishe ta. Matan cocinsu sun buɗe 'yar makarantar yara, kowane zango suna fama da haɗa sakamakon jarrabawa da hannu. Ita kuwa ta ce sai ta koyi yadda ake sa kwamfuta ta ɗauke musu wannan wahala.

Mai koyar da ajin, Hamza, ɗalibinta ne a da, a wata firamare a Makera. Yana ganinta ya miƙe ya rusuna.

"Malama, ke ce da kanki?"

"Ni ce. Ka daina rawar jiki, yau kai ne malam."

Bayan 'yan makonni aka ba su aiki. Kowa zai rubuta ɗan shiri wanda in an ba shi makin ɗalibi zai rubuta PASS ko FAIL, makin ci kuma arba'in ne. Ba Hamza ke dubawa ba. Wani shafin intanet ake tura wa aikin, shi kuma ya gwada shi da maki iri-iri waɗanda ba ya nuna wa kowa, sannan ya jero hukunci, kore in an dace, ja in an kuskure. 'Yan ajin suna ce masa Alƙali, don ba ya jin magiya.

Malama Hannatu ta rubuta nata a natse, da yatsa biyu. Ta gwada da tamanin, ya ce an ci. Ta gwada da ashirin, ya ce an faɗi. Ta tura wa Alƙali tana murmushi.

Ja ya cika fuskar kwamfutar.

"Kai! Wane irin rashin kunya ne wannan?"

Hamza ya zo ya leƙa ta bayanta, ya danne dariya. Ita da ta saba ƙarfafa wa yara gwiwa, ta sa shirin nata yana ƙara wa wanda ya ci 'yar kalmar yabo, wanda ya faɗi kuma ya ce masa ya ƙara ƙoƙari.

"Malama, a sake karanta umarnin. Kalma ɗaya tak yake so."

"Yaro ya faɗi a bar shi haka, ba ko lallashi?"

"Shi Alƙali bai san lallashi ba. Abin da aka ce kawai yake nema."

Ta goge yabon tana ƙunƙuni, ta sake turawa. Layukan suka koma kore ɗaya bayan ɗaya, har ta fara gyara zaman ɗankwali. Sai na can ƙasa ya tsaya ja. Guda ɗaya rak, kuma ba bayani, sai dai cewa amsa ba ta yi daidai ba.

Ta karanta shirin daga sama har ƙasa. Ta cire tabarau ta goge ta sake karantawa. Ta sake turawa ba tare da ta canja komai ba, ko Alƙali ne ya yi gyangyaɗi. Ja ɗin na nan daram.

Sadiya, wata matar aure daga Tudun Wada da ke zama kusa da ita, ta riga ta gama nata. Ta karkato kwamfutarta a hankali, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, ki ɗan duba nawa mana. Abu kaɗan ne fa."

Malama Hannatu ta kau da kai kamar an nuna mata abin ƙyama.

"'Yata, na gode. Amma ni da na sha kama masu leƙen takarda, da tsufana zan fara? Juya abinki."

Hamza ma ya matso zai nuna mata layin da yatsa, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka faɗa mini. Ka dai gaya mini yadda ake neman irin wannan ɓarakar."

Ya yi ɗan tunani. "Maki nawa kika gwada shi da su?"

"Tamanin da ashirin."

"Alƙali ya gwada da wanda ba ki gwada ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Lokacin tashi ya yi, wasu suka fara naɗe wayoyin caji. Ita ko motsi ba ta yi ba. Ta juyo ga sauran 'yan ajin da muryar nan da take tsayar da taron yara a filin makaranta.

"Kowa ya dakata. Ku zama ɗalibaina na minti kaɗan. Duk wanda na nuna ya faɗi makin da ya ga dama."

Suka yi dariya, amma suka tsaya. Wani ya ce ɗari, ta shigar, PASS. Wata ta ce sifiri, FAIL. Aka ce sittin da biyar, aka ce talatin da tara, duk shirin ya amsa daidai. Zufa ta fara tsattsafo mata a goshi. Ta nuna Clinton, wani mai gyaran waya da ke zama a baya, wanda bai cika magana ba.

"Ni dai, Mama, a makaranta kullum a bakin layi nake tsallakewa. Sa mini arba'in."

Ta shigar da arba'in. Kwamfutar ta rubuta FAIL.

Ajin ya fashe da dariya, Clinton ya dafe kai. Malama Hannatu kuwa ta buga tebur.

"Ƙarya ne! Arba'in ci ne! Wa ya isa ya kayar da yaron da ya kai makin ci?"

Sai ta gane wanda ya kayar da shi. Ta matso da fuskarta kusa da layin da ta rubuta. Ta gaya wa kwamfutar cewa wanda makinsa ya wuce arba'in shi ya ci. Wanda ya tsaya a kan arba'in cif bai wuce ba, don haka aka tura shi cikin waɗanda suka faɗi. Abin da ta rubuta shi kwamfutar ta bi, ba abin da ke ranta ba.

Ta nemo alamar daidai a jikin madannai, ta ɗora ta kusa da alamar wucewa. Ta sake gwada arba'in. PASS. Ba ta yi gaggawar turawa ba, sai da ta gwada talatin da tara da arba'in da ɗaya, ta tabbata gyaran bai ɓata wani wuri ba. Sannan ta danna.

Kore daga sama har ƙasa.

Sadiya ta rangaɗa guɗa, sauran suka hau tafi. Clinton ya zo ya durƙusa da wasa yana godiya an ba shi haƙƙinsa. Hamza ya tsaya gefe yana ta murmushi.

"Malama, da na nuna miki tun ɗazu da kin huta."

"Da na huta, amma da ba nawa ba ne." Ta rufe kwamfutar a hankali. "Kuma ka iya koyarwa, Malam Hamza. Ka san inda ake yin shiru."

A hanyar gida ta samu keke mai ƙafa uku ita kaɗai. Tun kafin su bar Trikania ta fara ba direban labari, daga kalmar yabon da aka sa ta goge har zuwa alama guda da ta rage. Mutumin bai fahimci ko rabi ba, amma yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Ikon Allah! Sannu da ƙoƙari, Mama." Tana cikin yi masa bayanin bambancin kaiwa da wucewa ta ɗaga ido, ta ga sun bar kwanar gidanta a baya da nisa.

"Tsaya, tsaya! Ka wuce da ni!"

"Ai ban so in katse ki ba ne, Mama."

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ya juya, kuma ya tafi a hankali, don ba ta gama ba.