Lasifikar Ɗakin Awo

A ɗakin awon masu ciki akwai wata nas da muke kira Lasifika. Sikeli yana bakin ƙofa, teburin mai rubuta kati yana can ƙurya, benci uku cike da mata a tsakani. Kina hawa za ta leƙa, ta kwaɗa lambar ta tsallake kawunan jama'a.

"Ɗari da huɗu! Baiwar Allah, wannan ciki ne ko tumbi? Ki rage ci mana."

Ni dai tun ina yarinya Allah ya yi ni da jiki. Shekara shida ina jiran cikin nan, amma sai ga Talata ta zame mini ranar fargaba. Na shiga dabaru: in cire takalmi, in ajiye jaka, har 'yan kunne na taɓa cirewa. Daga baya na daina karyawa ranar awo. Wata Talatar kuwa na yi zamana a shago, wai ɗinki ya yi mini yawa.

Maigidana ya duba katin, ya ga babu sabon rubutu. Bai yi faɗa ba, ya jawo kujera kusa da kekena.

"Ke da kike auna mata kullum, awo ne zai kore ki daga asibiti? In jininki ya hau, wa zai gani?"

Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa. Na kuma ji tsoro sosai, saboda abin da ke motsi a cikina bai yi wa kowa laifi ba.

Shekara goma sha biyu ina ɗinki, ban taɓa faɗin ƙugun wata a fili ba. Dafe lambar nake yi da babban yatsa, in rubuta, in naɗe tef ɗina. Idona kuma ya goge, kallo ɗaya nake yi wa mace in san awonta.

Talatar da ta biyo na ci na ƙoshi, na hau sikeli da takalmina da 'yan kunnena. Lasifika ta ja numfashi, na riga ta.

"Sista, ni tela ce. Tun ranar farko na san ƙirjinki da ƙugunki, ko tef ban ɗauko ba. In faɗa wa mutanen benci?"

Ta sunkuya ta dubi farar rigarta, inda maɓallin tsakiya yake neman agaji. Wata a bencin baya ta tuntsire da dariya, ita ma Lasifika ta kasa riƙe tata.

"Rufa mini asiri, 'yar'uwa."

"Ni ma shi nake roƙo. Ki auna, ki rubuta. In da matsala ki faɗa mini ni kaɗai, zan ji."

Ta zaro biro ta rubuta, ta taka da ƙafarta ta kai katin. Ranar ce ta zaunar da ni ta yi mini bayanin gwajin suga a tsanake. Bayan mako biyu ta kawo mini rigar na buɗa mata.

Da watan haihuwa ya kama, wata rana da hantsi na haihu, kuma ita ce a bakin aiki. Ta ɗora 'yata a kan ƙaramin sikeli, ta sunkuyo saitin kunnena, ta raɗa mini, "Uku da rabi, lafiya lau."

"Haba Sista, ina muryar nan taki?" na ce. "Babanta yana can baranda, shekara shida yana jira. Wannan kam ki faɗa yadda kika saba."