Manhajar Rabon Gado

A jikin bangon wata Islamiyya a Kusada, majigi ya haska aikin Dikko, da sunan Bishir a samansa.

Dikko yana benci na baya. Da furfurarsa ya zauna a Kankia ya koyi yaren kwamfuta na JavaScript, gilashi a kan karan hanci, har ya rubuta manhajar da ke raba gado: ka lissafa mata magada, ta faɗi rabon kowa. Kwamfutarsa ko matarsa Fatsuma ba ta taɓawa, a akwatin ƙarfe take zama. Abin da gwanin ya manta shi ne, duk wanda ya buɗe shafin a burauza, an miƙa masa rubutun manhajar ɗungurungum. Ya garƙame ƙofa, ashe ɗakin ba bango.

Bishir, amininsa tun firamare, bai roƙi abu mai yawa ba. "Turo min adireshin shafin, in taya ka murna," ya ce.

Ga murnar nan yau, har da lasifika da malamai cike da aji.

Malam Zainul Abidin, babban malamin makarantar, ya gyara rawani. "Alhaji Bishir, mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Raba mana."

Bishir ya danna. Bango ya yi fari fat. Dikko ya san ciwon, ya daɗe da gyara shi a gida. Tsohon kwafi aka ɗauke.

"Dikko, mutumina, taso mana," in ji Bishir, yana share gumi. "Wayar majigin ce ke wasa."

Dikko ya harɗe hannu. Yau kowa ya ci tuwo da shi, miya ya sha.

"Ai na faɗa," wani dattijo ya ce. "Wanda ya rubuta abin nan bai san fiƙihu ba."

Dikko bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya buɗe cikin shafin, ya gyara layin da ya karkace. Rabo ya fito daidai, aji ya ɗauki kabbara.

"Allah ya ƙara wa Alhaji Bishir basira," in ji mai gabatarwa. "Mai gyaran waya ma, mun gode."

Bishir ya matse wa Dikko hannu, ya sunkuyo kusa da kunnensa.

"Kafin ka hau mota, ka rubuta min gyaran nan. Da na rufe shafin zai ɓace."