Ɗan Kunnen Hajiya Badi'a

Da Alhaji Jibirin ya yi ritaya daga aikin injiniyan ruwa, ya koma gida Gwarzo, kuɗin sallamarsa bai sayi gona da su ba. Tafkin wanka ya gina a bayan gida, ɗan ƙarami, ruwan bai wuce ƙirji ba. Matarsa Hajiya Badi'a ta samu shanyewar ɓarin jiki, likita kuma ya ce motsi cikin ruwa zai taimaka mata. Mutanen unguwa suka yi ta surutu, shi dai ya ƙara wa katanga tsawo.

Wadda ke shiga ruwan da ita Asta ce, wata bazawara daga Garo ta ƙasar Kabo. Kullum da hantsi za ta tallafo Hajiya, su yi ta takawa daga wannan bango zuwa wancan. Cikin shekara guda Hajiya ta fara ɗaga cokali da hannun da ya mutu.

Aikin Alhaji shi ne filta. Wata farar aba ce doguwa kamar turmi, jikinta duk ninki-ninki, tana zaune cikin tukunyar roba kusa da injin ruwa, ita ke tare dattin. Ka'ida a sauya ta bayan shekara biyu, amma kaya sun yi tsada, fansho kuma sai a yi wata uku ba a gan shi ba. Don haka duk sati biyu yakan kashe inji, ya saki iska, ya zaro ta, ya bi kowane ninki da tiyo daga sama zuwa ƙasa. In maiƙo ya kama ta, ya jiƙa ta a baho da sabulu ta wuni.

Wata Laraba ɗan kunnen Hajiya na zinariya ya ɓace, guda ɗaya, ƙarami kamar ƙwayar dawa. Na mahaifiyarta ne. Aka kakkaɓe gado, aka share ɗaki, Alhaji ya leƙa ƙasan tafkin, babu. A shekarar aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ko a bakin rijiya aka ambaci sata sai gaban mutane ya faɗi.

"Asta, ke kaɗai ke taɓa ta," in ji Alhaji. "Ki fito da shi tun muna mu uku, kafin maganar ta je gaban alƙali."

Asta ta dube shi, ta dubi hannuwanta. Hajiya ta yi ta ƙoƙarin magana daga kan kujera, harshen ya ƙi ba ta haɗin kai, abin da ya fito kawai shi ne, "Ba ita ba ce, Alhaji." Kafin la'asar Asta ta ɗaure kayanta ta hau motar Kabo.

An kawo waɗansu mata biyu bayan tafiyarta, Hajiya ta ƙi yarda kowa ya shigar da ita ruwa. Alhaji ya kashe injin, tunda man janareta ma ya gagara. Ruwan ya yi kore. Hannun Hajiya ya koma yadda yake, da damina ta tsaya kuma Allah ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar arba'in ya yanke shawarar zubar da ruwan ya sayar da injin. Ba zai iya ba wa mai saye abu da datti ba, sai ya buɗe tukunyar. Filtar ta fito tana wari, gansakuka ta liƙe ta. Ya zauna a kan bulo yana buɗe ninkin da yatsa yana fesa ruwa. Gashi ya fara fitowa, fari-fari, na Hajiya. Ya ajiye tiyon ya daɗe a zaune. Da ya ci gaba, can ƙasan wani ninki wani abu ya yi ƙyalli. Ya ciro shi da farce, ya goge a rigarsa.

Washegari ya tafi Garo. Bappa, yayan Asta, ya karɓe shi a zaure, suka gaisa, gaisuwar da ba ta da ɗumi. Bappa ya ce tun da ta dawo ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna, don labari ya riga ta isowa. Wani mai shanu da ya so aurenta ma ya janye.

Asta ta fito da ɓawon gyaɗa a zaninta, ta durƙusa daga nesa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya? Ya jikin Hajiya?"

Alhaji ya miƙa tafin hannunsa, ɗan kunnen na ciki.

"A filta na same shi jiya. Na zalunce ki, Asta. Ki yafe mini don Allah."

Ta kalli abin sau ɗaya kawai. "Na ce ya jikin Hajiya?"

"Ta rasu. Yau kwana arba'in da uku."

Asta ta zame ta zauna a ƙasa. Ta yi salati, ta sake yi, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta samu murya ta ce, "Wa ya yi mata wanka?"

"Matar liman da ƙanwarta."

"Ni ta ce in yi mata. A cikin ruwa ta roƙe ni, sau biyu. Ta ce ni na san inda ke mata ciwo, ba zan juya ta da ƙarfi ba. Na yi mata alkawari." Ta share ido. "Ko aike, Alhaji. Garo ba nisa."

"Kunya ce ta hana ni."

"Na yafe maka nawa," in ji ta. "Wannan kuwa ban san wa zai yafe shi ba."

Ta tashi ta shige ciki. Alhaji ya yi zaton shi ke nan, ya fara neman takalmansa. Sai ga ta ta fito da hijabi, ta ce wa Bappa ya raka ta Gwarzo ta yi wa ƙanwar Hajiya ta'aziyya. Alhaji ya buɗe mata ƙofar motarsa. Ta ce ya bari, za su bi ta haya.