Shari'ar da Baba Antoni Ya Ƙi Janyewa

Na gama shafa masa kumfa a kumatu ke nan, reza na hannuna, sai Auta ta leƙo ɗakin ta ce, "Baba, mutanen ma'aikata sun iso."

"Su jira," in ji shi. "Ni ma na sha jiransu."

Duk layinmu Baba Antoni muke ce masa, domin ya taɓa riƙe muƙamin Antoni Janar na jiha, wato babban lauyan gwamnati. Ni maƙwabcinsa ne, shagon askina na jikin katangarsa. Tun da ciwon ƙoda ya kwantar da shi nakan shigo da kayan aikina in yi masa gyaran fuska a kan gado. Ranar nan fatarsa ta saki ƙwarai, sai da na riƙa jan ta da yatsa kafin reza ta kama.

Baƙin su biyu ne, wata matashiyar lauya da mai ɗaukar hoto. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ma'aikatar shari'a na haɗa tarihin ofishin, za a jera hotunan duk waɗanda suka zauna a kujerar tun da aka kafa jiha. Cikin na farko-farkon kuwa, shi kaɗai ya rage a raye.

"To ku yi sauri," ya ce.

Auta, ƙaramar 'yarsa da ke jinyarsa, ta jingina shi da filo. Aka ɗauki hoto. Sai lauyar ta tambaye shi labarin magabatansa, muryarsa ta ɗan dawo.

"Na farko, ofishinsa ɗaki ɗaya ne a bayan kotu, rufin yana yoyo. In hadari ya taso, shi da magatakarda suke kwashe fayil. Na biyu, soja suka kawo shi, soja suka sallame shi. Yana cikin mota zai tafi aiki ya ji a rediyo, ya ce wa direba ya juya. Wanda na gada kuwa mutumin kirki ne, sai dai bai iya ce wa gwamna a'a ba. Ko atishawa zai yi sai ya nemi izini."

Muka yi dariya, har da mai hoto.

"Kai kuwa, Baba, har yau ana ba da labarinka," in ji lauyar. "Shari'ar nan da ka ƙi janyewa. Ranar da aka ɗauke mu aiki, da ita aka fara ja mana kunne."

Auta ta ajiye kofin da ke hannunta ta fita.

Babu wanda bai san shari'ar ba a layinmu, babu kuma mai ambatonta. Yana kan kujera, babban ɗansa da ake kira Dogo ya ɗauki motar gida, ya buge wani mai keke, tsoro ya sa ya gudu. Mutumin ya mutu a gefen titi. Doka ta ba Antoni Janar ikon janye shari'a daga gaban kotu. Gwamna da kansa ya ce ya janye. Matarsa ta roƙe shi har muryarta ta dushe. Ya ƙi. Aka ɗaure Dogo, uwarsa ta rasu yana ciki. Da ya fito bai sake taka gidan ba, ya tafi wani gari ya kama kanikanci.

"Me ake ce muku?" Baba Antoni ya tambaye ta.

"Cewa doka ba ta san ɗan kowa ba."

"Haka ne. Ana gaya muku uwarsa ta mutu ba ta sake yi mini magana ba?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Baba."

"Bar shi. Ba zai yi kyau a bango ba."

Bayan sun tafi ina tattara kayana, ya kamo bakin rigata.

"Mai aski, da kai ne fa?"

"Baba, ni aski na iya."

"Kowa haka yake zille mini." Ya numfasa. "Matar mai keken ta zo ofishina da goyo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Da na janye, da ita zan riƙa gani in na rufe ido. Ban janye ba, Dogo nake gani."

Cikin makon jikin ya rikice. Ya daina cin abinci, ƙafafunsa suka kumbura. Auta ta buga wa yayanta waya, ya saurare ta ya kashe, bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Wata ranar da yamma ina share gashi a shago, wani dogon mutum mai furfura ya tsaya a ƙofata, baƙin mai a ƙarƙashin faratansa. Hancin Baba Antoni ne a fuskarsa.

"Yana magana?" ya tambaye ni.

"Kaɗan-kaɗan."

"Ya ambace ni?"

Na gaya masa abin da tsohon ya faɗa mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya zauna a bencina ya daɗe yana kallon ƙofar gidan. Sannan ya ce, "Don Allah raka ni."

Ɗakin na warin magani, fanka na juyawa a hankali. Auta ta sunkuya wajen kunnen uban.

"Baba, ga Yaya."

Ya buɗe ido ya ƙura masa.

"Ka yi furfura."

"Na yi."

"Ka je kabarinta?"

"Daga can nake."

Tsohon ya turo hannunsa a kan bargo, tafin yana kallon sama. Dogo ya dubi hannun, bai taɓa shi ba. Ni dai na mayar da idona kan taga. Can tari ya sarƙe Baba Antoni, sai ga Dogo ya zabura, ya tallafo ƙeyarsa, ya sa masa kofi a baki, ya goge masa haɓa da hannun rigarsa. Babu wanda ya ce a yafe, babu wanda ya ce ya yafe. Na baro su haka.

Washegari ina buɗe shago na ji kukan Auta.

Kafin rana ta yi tsaka motocin ma'aikata sun cika layin, har mai ruwa ya rasa inda zai bi da kurarsa. Bayan an dawo daga maƙabarta, Antoni Janar mai ci ya yi jawabi a ƙofar gida, ya ce an yi rashin ginshiƙi. Ya bi mutane yana miƙa hannu har ya iso kan Dogo.

"Kai ne babban ɗansa? Allah ya jiƙansa. Mahaifinka abin koyi ne."

"Na sani, ranka ya daɗe," in ji Dogo. "A kaina aka koya."

Mutumin ya saki hannunsa a hankali, ya wuce gaba.

Na ɗauka a ranar Dogo zai koma, amma bai tafi ba. Da jama'a suka watse na shiga in yi wa Auta sallama, na tarar da shi a tsakar gida. Ya cire rigarsa ta sama, ya jawo katifar uban daga ɗaki shi kaɗai, ya jingina ta da bango inda rana ke bugawa. A tsakiyarta akwai wani siririn rami inda tsohon ya daɗe yana kwance. Dogo ya sa tafinsa yana dannawa, yana shafawa, soson ya ƙi tasowa.